DARASIN DAMINA: LAIMA A ƘARƘASHIN RUMBU DA GINDIN BANGO

Manomi yana wahala wata huɗu a gona. Ya yi shibka, ya yi noman fari, ya yi maimai, ya yi girbi. Ya ɗaure dammanshi, ya kai su rumbu, ya rufe. Daga nan sai hankalinshi ya kwanta. Amma akwai ɓarawon da ba ya tsallake darni, kuma kare ba ya yi mashi haushi. Ta ƙasa yake shigowa. Sunanshi laima, wasu su ce danshi. Wanga darasi yana bayanin inda laima take fitowa, da ɓarnar da take yi, da yadda ake tare ta da kayan da ke akwai cikin gari.

ƘASAR KURFAI DA RUWANTA

Filinge tana cikin Dallol Boso. Dallol tsohon gulbi ne wanda ya ƙafe tun zamanin da. Ya taso daga arewa, wajen Azawak, ya bi ta Filinge da Bonkuku da Baleyara da Boboye, ya je ya faɗa kogin Kwara a Bumba. Gulbin ya ƙafe a sama, amma ruwanshi yana nan kwance ƙarƙashin rairayi. Shi ya sa rijiyar cikin kwari ba ta kai zurfin rijiyar bisa tudu ba. Shi ya sa kuma mutanen Bonkuku ke samun noman dankalin turawa da kayan lambu da rani.

Ruwan da ke kusa alheri ne ga mai garka. Ga mai gini kuwa, abin lura ne.

Daminar Kurfai gajera ce. Ƙarfinta yana cikin watannin Yuli da Agusta da Satumba. Tsofaffi ba su manta da farin 1973 da na 1984 ba. Cikin waɗannan shekaru an saba da ƙarancin ruwa, har mutane da yawa sunka yi gini cikin kwari da bakin ƙorama, wuraren da kakanni ke gudu. Daga baya ruwa ya komo, kuma sau da yawa da ƙarfi yake zuwa, ya zuba mai yawa cikin dare guda. A watan Satumba na 2020 kogi ya fasa madatsa a Yamai, ya shiga unguwanni. A daminar 2024 ambaliya ta shafi mutum fiye da miliyan ɗaya a Nijar, fiye da 300 sunka rasa rayukansu. Wasu ruwa ya ci su, wasu gini ya faɗa masu. Cikin shekarar ce tsohon masallacin Birni na Damagaram, wanda anka gina da ƙasa tun ƙarni na 19, ya faɗi. Ke nan ginin ƙasa, komi ƙarfinshi, yana son kulawa.

HANYOYI HUƊU DA LAIMA KE SHIGOWA

1. Ta sama. Jinka ta tsufa tana yoyo. Rufin soro ya tsage. Indararo ya karye, ruwa yana bin jikin bango.

2. Ta gefe. Ruwan tsakar gida bai samu mafita ba, ya kwanta a gindin bango ko ƙarƙashin rumbu. Ruwan da ke zuba daga rufi kuma yana dukan ƙasa, yana fantsama, yana cin gindin gini kaɗan-kaɗan.

3. Ta ƙasa. Wagga ita ce hanyar da ido bai cika gani ba. Ƙasa tana shan ruwa kamar yadda lagwanin fitila ke jan kananzir zuwa sama. In ƙasar da ke ƙarƙashin gini ta jiƙa, bango ya ja ruwan ya hau da shi. Ko bango bai taɓa ruwa ba, ƙasa mai laima tana fitar da tururi wanda ba a gani. In iska ba ta ratsa ƙarƙashin rumbu, tururin ya taru nan, ya shiga itacen shimfiɗa, ya kai ga hatsi.

4. Ta cikin hatsin da kanshi. In an zuba hatsi ko wake bai gama bushewa ba, manomi da hannunshi ya kai laima cikin rumbu.

GWAJI BIYU DA ZA A IYA YI A AJIN YAƘI DA JAHILCI

Na fari: a samu busasshen tubalin ƙasa, a tsayar da shi cikin faranti. A zuba ruwa kaɗan, kamar kaurin yatsa. A zura ido. Ba da jimawa ba za a ga duhun laima yana hawa jikin tubalin, ya wuce inda ruwa ya tsaya. A sake gwajin, amma a sa dutse cikin farantin, a shimfiɗa leda bisa dutsen, a aza tubalin. Tubali zai zauna a bushe.

Na biyu: da marece a shimfiɗa leda, kamu ɗaya tsawo, kamu ɗaya faɗi, bisa daɓen ɗaki ko ƙarƙashin rumbu. A danne bakinta da duwatsu. Da safe a ɗaga. In an ga ɗigon ruwa a cikin ledar, ko ƙasar wurin ta yi duhu, to laima tana tasowa daga ƙasa.

ALAMUN DA MAI GIDA ZAI DUBA

Warin ruɓa in an buɗe rumbu ko ɗaki. Gindin bango ya fi samanshi duhu. Farin gari kamar kanwa a jikin bango: gishirin ƙasa ne wanda ruwa ya hau da shi, ya bushe ya bar shi, kuma shi ke sa yaɓe ya riƙa zuba. Hanyar gara bisa dutse ko bisa icce. Tabarma da buhu suna sanyi a hannu. Zangarniyar ƙasan rumbu ta yi baƙi ko ta manne da juna. Ƙofa ta kumbura ta ƙi rufuwa.

ƁARNA TA FARI: CIMAKA

Inda laima da zafi sunka haɗu, hunhuna ke tsirowa. Tana iya zama fara, ko baƙa, ko tsanwa. Hatsin da ta kama yana canza launi da ɗanɗano. In iri ne, ba ya tsira da kyau.

Abin bai tsaya nan ba. Akwai irin hunhunar da ke barin guba cikin abinci. Likitoci suna kiran gubar aflatoksin. Ta fi kama masara da gujiya, wadda wasu ke kira gyaɗa, amma tana kama dawa da hatsi ma. An gano ta bayan abin da ya faru a Ingila a 1960, inda talo-talo kamar 100.000 sunka mutu don cin abincin da anka haɗa da gujiya mai hunhuna. A ƙasar Kenya, a 2004, mutum 125 sunka rasu bayan cin masarar da anka adana da laima.

Wagga guba hanta take ci. In an ci da yawa lokaci guda tana kisa. In ana ci kaɗan-kaɗan shekara da shekaru tana kawo sankarar hanta, kuma tana cikin abubuwan da ke tauye girman yara. Abin da ya kamata kowace uwargida ta riƙe shi ne: dahuwa ba ta kashe gubar. Wanki ma ba ya fitar da ita duka. Kuma in an ba saniya ko akuya mai tatsa ruɓaɓɓen hatsi, gubar tana biyowa cikin nono.

Ga lissafi. A ɗauka manomi ya sa dami 120 cikin rumbu. Jerin ƙasa, dami 12, ya ruɓe. Kashi ɗaya cikin goma ke nan ya tafi. In gidanshi na cin dami ɗaya cikin kwana biyu, ya yi asarar cimakar kwana 24. Kuma jerin ƙasa shi ake isa gare shi a ƙarshe, wato tsakiyar damina, lokacin da tiya ta yi tsada kuma aikin gona ke son ƙarfi.

ƁARNA TA BIYU: GINI

Tubalin ƙasa yana da ƙarfi in ya bushe. In ya jiƙa sai ya koma laka. Gindin bango shi ke ɗauke da nauyin ɗaki duka, da azara da ƙasar rufi. In laima ta ci gindin, bango ya zauna, ya tsage, wata rana ya faɗi. Gara ma laima take bi. Ta samu icce mai sanyi ta shiga, ta cinye cikinshi ta bar ɓawo. Rumbun da ƙafa ɗaya ta ruɓe yana karkata, in ya karkata ya tsage. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A nan ba ƙadangare kaɗai ba ne, har da kusu da ƙwari da ruwan sama.

ƁARNA TA UKU: LAFIYA

Ɗaki mai laima yana ƙara tari da mura, kuma yana tayar da ciwon mai asma. Yara da tsofaffi sun fi jin jiki. Ruwan da ya kwanta ƙarƙashin rumbu kuwa gidan sauro ne. Cikin kwana 7 zuwa 10 ƙwan sauro ya zama sauro mai tashi, shi ke kawo zazzaɓin cizon sauro. Tarkacen da anka tara wurin kuma maɓoyar maciji ne da kunama.

MAGANIN RUMBU

Kakanni ba su aza rumbu bisa duwatsu don ado ba. Sun bar fili tsakanin ƙasa da hatsi don iska ta ratsa. Wanga fili shi ne ran rumbu. Ga yadda ake kiyaye shi.

1. Wuri. A zaɓi tudu, wurin da ruwa ba ya kwana. Hanya mai sauƙi ita ce a fita bayan an yi ruwa mai yawa, a duba inda ya fara bushewa, a kafa alama. A nisanci bakin ƙorama da tsohon ramin da anka ɗebi ƙasa.

2. Tudun ƙarƙashi. Kafin a jera duwatsu a zuba marmara ko tsakuwa, a daɓe. Tsakiyar ta fi gefe tudu, kamar ƙwaryar da anka kife. Haka ruwa zai gangara waje.

3. Tsayi. Ƙasan rumbu ya yi nisan kamu guda da ƙasa, wato kamar santimetir 50. Cikin kwari, inda ruwa ke kusa, a ƙara bisa haka. In mutum ya duƙa ya leƙa, ya kamata ya hangi haske ta ɗaya gefen.

4. Ƙafafu. Dutse ya fi icce, don ba ya ruɓa kuma gara ba ta cin shi. Kurfai ba ta rasa dutse ba, ga shi nan jikin tsaunukan da ke gefen Dallol. In icce za a sa, a samu busasshe mai tauri, a ɓare shi, a babbake gindin da wuta kaɗan, ko a aza shi bisa faffaɗan dutse. Kada a sari ɗanyen icce ba da iznin ma'aikatan gandun daji ba. A da ana shafa baƙin man mota ga gindin icce. Inda ruwan rijiya ke kusa gara a bar wanga, don man yana bin ƙasa ya ɓata ruwan sha.

5. Leda ko kwano. Tsakanin dutse da itacen shimfiɗa a sa guntun leda mai kauri ko guntun kwanon rufi. Shi ke yanke hanyar laima. In ƙafafun icce ne masu tsawo, kamar metir ɗaya, a kifa kwano mai siffar malfa a jikin kowace ƙafa don kusu ya kasa hawa.

6. Kada a toshe. Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa. Wani ya kewaye ƙarƙashin rumbu da laka ya mai da shi akurkin kaji. Wata ta cika wurin da itacen wuta da tsofaffin ƙore da kara. Wani ya ɗaure akuya ga ƙafar rumbu, fitsarinta yana jiƙa wurin kullum. Duk waɗanga suna hana iska, kuma suna yi wa gara gada daga ƙasa zuwa hatsi. Kaji su shiga su sha inuwa su tsinci gara, babu laifi. Amma a yi masu akurki dabam.

7. Jinka. Ta zarce jikin rumbu da kamu guda ko fiye, don ruwanta ya zuba nesa da ƙafafu. A sabunta ta kafin ruwan fari.

8. Rariya. A haƙa ƙaramar hanyar ruwa kewaye da rumbu, a ba ta mafita zuwa gangare. A share ciyawa, a bar fili mai tsabta taki biyu ko uku.

BUSAR DA HATSI KAFIN ADANA

Malaman gona sun ce hatsi da dawa da wake ba su adanuwa lafiya sai laimar cikinsu ta sauka zuwa kashi 12 ko 13 cikin 100. Gujiya kuwa sai ta kai kashi 7 ko 8. Manomi ba ya da na'urar awo, amma yana da dabara biyu.

Ta haƙori: a ciji ƙwaya. In ta fashe da ƙara, ta bushe. In ta lanƙwashe ko ta manne ga haƙori, da saura.

Ta gishiri: a shanya gishiri a rana har ya bushe sarai. A samu busasshiyar kwalba, a zuba tsaba zuwa kashi ɗaya cikin uku, a sa gishiri cokali biyu ko uku, a rufe, a girgiza. A jira minti 15, a sake girgizawa. In gishiri ya manne jikin kwalba, tsabar ba ta bushe ba, a mai da ita rana.

Kada a yi shanya bisa ƙasa tsirara. A shimfiɗa tabarma ko tampol, ko a aza dammai bisa kara da itace. Kafin a zuba sabon hatsi a share rumbu, a ƙone sharar, a liƙe tsaga. Kada a haɗa sabo da tsoho.

Wake kuwa, wanda Kurfai ke nomawa da yawa, akwai buhu mai riɓi uku da ake kira PICS. Jami'ar Purdue ta Amurka ta fito da shi tare da masu binciken noma na Afirka, har da na INRAN ta Nijar, kuma an fara yaɗa shi daga 2007. Leda biyu ne a ciki, buhu a waje, kowanne a ɗaure shi dabam. Ƙwari suna mutuwa don rashin iska, ba a bukatar magani. Amma buhun ba ya busar da wake. Busasshe kaɗai ake zubawa.

Buhu kowane iri ne, kada a aje shi bisa daɓe, kada a jingina shi ga bango. A aza shi bisa katako ko itacen da anka jera kan duwatsu. A bar tsakanin da hannu zai wuce ta ƙasa da ta baya. Wagga doka ta shafi ɗakin uwargida, ta shafi shagon ɗan kasuwa, ta shafi mangazar bankin cimaka na gari.

MAGANIN ƊAKI

Magina suna cewa ginin ƙasa yana son malfa da takalmi. Malfa ita ce rufi mai kyau. Takalmi shi ne tushe mai ƙarfi.

Mai sabon gini ya haƙa tushe har ya iske ƙasa mai tauri. Ya jera dutse har ya fito bisa ƙasa da santimetir 30 ko fiye. Ya shimfiɗa leda mai kauri bisa dutsen, sannan ya fara aza tubali. Daɓen ciki ya fi tsakar gida tudu da santimetir 20 zuwa 30.

Mai tsohon gini ya zuba ƙasa a gindin bango ta waje, ya daɓe ta da gangare: kowane metir ɗaya ta sauka kamar yatsa uku. Dakali a jikin bango ma yana tare fantsamar ruwa. Indararo ya yi tsawon da zai jefa ruwa nesa, a sa tarin duwatsu inda ruwan ke sauka don kada ya haƙa rami.

Randa da tulu a janye su daga jikin bango, a aza su bisa duwatsu. Ruwan makewayi kada ya bi gindin ɗaki, nashi ko na maƙwabci. A haƙa mashi rami nesa da gini da rijiya, a cika shi da duwatsu. Da hantsi a buɗe ƙofa da taga, a fitar da tabarmi da katifa su sha rana.

Akwai abin lura game da siminti. Mutane da yawa suna shafe bangon ƙasa da shi suna ganin sun huta. Siminti ba ya kama ƙasa da kyau. In ya tsage ruwa ya shiga bayanshi, ya kasa fita. Bango yana ruɓa ciki, waje yana da kyan gani. Yaɓen ƙasa da ciyawa da kashin shanu yana barin bango ya yi numfashi. Wahalarshi ɗaya ce: sai an sabunta shi kowace shekara.

IN RUWA YA RIGA YA SHIGA

Rai ne gaba. In bango ya tsage, ko ya karkata, ko gindinshi ya yi laushi har yatsa na shiga, kada kowa ya kwana ɗakin, ko da ruwa ya ɗauke. Jiƙaƙƙen gini yana iya faɗuwa kwanaki bayan ruwan. A fitar da yara da tsofaffi tukuna, kaya su biyo baya. A sanar da maigari da ma'aikatar magajin gari.

Hatsin da ya jiƙa a fitar da shi ranar, a baza shi a rana. A ware mai kyau dabam. Wanda ya yi baƙi, ko tsanwa, ko wari, a binne shi ko a ƙone. Kada a ci, kada a kai kasuwa, kada a ba dabba. Ba a mai da hatsi rumbu sai rumbun da ƙasan da ke ƙarƙashinshi sun bushe.

AIKIN KOWANE LOKACI

Da rani: ɗaukar dutse da tsakuwa, gyaran ƙafafun rumbu, gina sabo.
Da bazara: yaɓe, jinka, indararo, yasar rariya.
Da damina: leƙa ƙarƙashin rumbu da gindin bango bayan kowane ruwa.
Da kaka: sharar rumbu, shanya, gwajin haƙori da gishiri.

Ruwan gida ɗaya gidan maƙwabci yake faɗawa. Don haka gyaran hanyar ruwa aikin gayya ne. Unguwa ta tsai da rana guda kafin damina, mai jaki da mai amalanke su kawo dutse, samari su yi haƙa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

TAMBAYOYI DON TATTAUNAWA A AJI

1. Waɗanne hanyoyi huɗu laima ke bi ta shiga rumbu da ɗaki?
2. Don me ba a toshe ƙarƙashin rumbu?
3. Dahuwa tana kashe gubar hunhuna?
4. Manomi ya sa dami 90, dami 9 sunka ruɓe. Kashi nawa cikin goma ya yi asara?
5. Ina ne ruwa ke kwana cikin gari, kuma wa zai gyara wurin?

Wanda ya karanta wanga darasi ya karanta wa maƙwabcinshi da bai shiga aji ba tukuna. Sannan su je tare su leƙa ƙarƙashin rumbunansu, tun hadari bai haɗu ba.